ƘASUSUWAN REPTON: Tsakanin fim ɗin Vikings da littafin River Kings

Mai karatu, in dai ka na cikin waɗanda su ka hana idon su barci saboda dogon fim ɗin nan Vikings, to ka san Ragnar, ka san Lagertha, ka kuma san Ivar, gurgun ɗan Ragnar ɗin nan da ke jan ciki a ƙasa amma maza na kaɗuwa in ya ɗaga murya. Michael Hirst ne ya rubuta shi. Ya fara fitowa a 2013, ya ƙare a 2020, zango shida, kashi 89. Fim ne mai kama zuciya, ba na musun wannan. Inda gizo ke saƙar shi ne yadda wasu 'yan kallo su ka ɗauke shi tamkar littafin tarihi, har ka ji ana gardama a majalisa ana rantsuwa a kan abin da Ragnar ya yi da wanda bai yi ba.

A wannan watan zan ajiye fim ɗin a gefe guda, in ajiye wani littafi a ɗaya gefen. Sunan littafin River Kings, wato sarakunan kogi, na Dakta Cat Jarman, 'yar asalin ƙasar Nowe, masaniyar kufai da ƙasusuwan mutanen da. An buga shi a 2021. Alƙalin da zai raba su kuwa wani ƙauye ne a tsakiyar Ingila, a yankin Derbyshire, mai suna Repton. In ka na da kyakkyawan tuni, an ambaci sunan a zango na huɗu na fim ɗin, a matsayin inda mayaƙan su ka bar jiragen su. Ambato kawai aka yi aka wuce. Alhali kuwa da wuya ka samu wani wuri a duk Ingila da ya adana sawun wannan runduna kamar wannan ƙauyen.

Yau Repton ƙauye ne shiru, sai tsohuwar makarantar kwana da wani coci mai dogon tsoro da ake kira St Wystan. Amma a ƙarni na 8 da na 9 nan ne hubbaren sarakunan Mercia, ɗaya daga cikin daulolin da Ingila ta kasu a wancan zamanin. A ɗakin ƙarƙashin ƙasa na cocin aka binne Sarki Aethelbald da ya mutu a 757, haka ma Sarki Wiglaf, da jikan sa Wystan wanda aka kashe a 849 har Kiristoci su ka ɗauke shi waliyyi su na kai masa ziyara. Ɗakin na nan har gobe, ana shiga a gani. Kogin Trent kuma a lokacin ta gindin cocin ya ke bi, kafin daga baya ya sauya hanya.

Ga abin da littattafan tarihin Ingilawan da su ka rubuta a taƙaice. A 865 wata babbar runduna ta mutanen arewacin Turai, waɗanda ake kira Vikings, ta sauka a gabashin Ingila. Da can su kan zo ne su yi hari su koma gida da ganima. Wannan karon sun zo da niyyar zama. Su ka ci birnin York a 866. Su ka kashe Sarki Edmund a 869. Duk shekara in hunturu ya kama sai su yi sansani a wuri guda: Torksey a 872 zuwa 873, sannan Repton a 873 zuwa 874. A nan su ka kori Sarki Burgred na Mercia, ya gudu Rum, can ya mutu, su ka naɗa Ceolwulf a madadin sa. Daga Repton ne kuma rundunar ta rabu biyu: Halfdan ya yi arewa, Guthrum da wasu sarakuna biyu su ka nufi Cambridge. Guthrum ɗin ne Sarki Alfred ya ci da yaƙi a Edington a 878.

To, yanzu ka auna wannan da abin da ka kalla. A fim, Sarki Ecbert na da rai lokacin da rundunar ta iso, har ya yi yarjejeniya da 'ya'yan Ragnar. A tarihi Ecbert ya mutu tun 839, shekara 26 kafin su sauka. Ɗan sa Aethelwulf, wanda aka nuna ya na jagorantar yaƙi da su, shi ma ya riga mu gidan gaskiya tun 858. Ragnar na fim shi ne ya kai harin Lindisfarne na 793, kuma wai wan sa ne ko ƙanen sa Rollo, mutumin da aka ba ƙasar Normandi a Faransa a 911. Lissafa da kan ka: shekara 118 ke tsakani. Ivar kuma an nuna ya mutu a fagen fama da Alfred, alhali mutumin da masana da yawa ke ganin shi ne Ivar, littafin tarihin Ailan ya rubuta mutuwar sa a 873.

Ba zan tsaya in yi ta yi wa Hirst bulala a kan shekaru ba. Marubucin fim na da 'yancin ya matse ƙarni guda a cikin rayuwar mutum ɗaya don labari ya yi armashi, kuma duk wanda ya taɓa rubuta labarin fim ya san haka. Laifin da na ke gani ya fi wannan girma. Fim ɗin ya mayar da duk wannan motsi na dubban mutane ya zama rigimar gida ɗaya: an jefa uba a ramin macizai, 'ya'ya sun zo ɗaukar fansa. Wannan labarin fansar ya fito ne daga hikayoyin da aka rubuta ɗaruruwan shekaru bayan aukuwar abin. Ya yi daɗin kallo, amma ya rufe tambayar da ta fi muhimmanci: su waye talakawan wannan runduna, me su ke nema, me su ke ci, ina su ke kai abin da su ka kwasa? Amsar wannan a ƙarƙashin ƙasar Repton ta ke, kuma a nan ne littafin Jarman ya yi wa fim ɗin fintinkau.

RAMIN DA KE BAYAN GIDAN LIMAMI

Wajen 1686 wani lebura mai suna Thomas Walker ya na haƙa a wani fili kusa da cocin sai ya faɗa kan wani ɗaki na dutse. Shekaru arba'in bayan nan, ya tsufa tukuf, ya ba wani mai bincike labarin cewa ya ga ƙwarangwal ɗin wani ƙato mai tsawon ƙafa tara a tsakiya, da wasu ƙwarangwal ɗari kewaye da shi. Kan ƙaton, in ji shi, ya ba wani malamin makaranta, daga nan kuma ya ɓace. Kai da jin wannan ka ce tatsuniya ce irin ta tsofaffi.

Sai a 1974 wasu masana kufai, mata da miji, Martin Biddle da Birthe Kjølbye-Biddle, su ka fara tono a Repton, su ka shafe shekaru fiye da goma su na yi. A lambun gidan limamin cocin su ka buɗe wani tudu, sai ga ɗakin da Walker ya faɗa. Tsohon gini ne mai ɗaki biyu na Ingilawa, an rushe saman sa, an zuba ƙasusuwa a ciki, an rufe da tulin ƙasa da duwatsu. Da aka ƙirga, ƙasusuwan mutum aƙalla 264 ne. Kusan kashi 80 cikin ɗari maza, yawancin su tsakanin shekara 18 zuwa 45, sauran kashi 20 ɗin mata. Ba gawawwaki aka jera ba, ƙasusuwa ne da aka tattaro daga wasu wurare bayan nama ya zube. A cikin su an samu gatari, da wuƙaƙe, da kwabban azurfa biyar waɗanda aka buga tsakanin 872 da 875. Ƙaton dai ba a gan shi ba. Su Biddle sun yi hasashen cewa Ivar ne aka binne a tsakiya, kuma wannan hasashen ne jaridu su ka fi so har yau. Hujjar sa ba ta da ƙarfi, tun da ƙashin da za a gwada babu shi.

Kowa ya ɗauka magana ta ƙare: ga kwabbai, ga makamai, ga shekarar da tarihi ya faɗa. Sai aka kai ƙasusuwan gwajin kabon, wato gwajin da ke nuna daɗewar abu da mutuwa. Sakamako ya fito ya ce da yawan su tun ƙarni na 7 da na 8 su ka mutu, kafin ma wani Viking ya taka Ingila. Ka ga an koma gidan jiya. Wasu masana su ka ce ai ƙasusuwan sufaye ne da mutanen gari da aka tono daga tsohuwar maƙabarta. Haka maganar ta zauna shekara da shekaru.

Babin da Jarman ta warware wannan ƙulli shi ne mafi daɗi a littafin, kuma in ka na son labarin ɗan sanda mai bincike, ba za ka ajiye shi ba. Mai laifin kifi ne. Kabon ɗin da ke cikin teku ya kan daɗe ya na yawo a ƙarƙashin ruwa kafin ya shiga jikin kifi, saboda haka kifin da aka kama jiya ya kan nuna kamar ya yi shekara wajen 400 da mutuwa. Wanda ya rayu ya na cin kifin teku da yawa, ƙashin sa zai gaji wannan tsufan na ƙarya. Jarman da abokan aikin ta su ka auna yawan abincin teku da kowane mamaci ya ci, su ka gyara lissafin, su ka buga sakamakon a mujallar Antiquity a 2018. Duk ƙasusuwan da aka gwada su ka dace da ƙarshen ƙarni na 9. Dubi ikon Allah: abin da mutum ya ci shekara dubu da ɗari da su ka wuce shi ne ya rikita masana, shi ne kuma ya zama shaidar ko shi wane ne.

Haka ta yi da haƙora. Haƙorin mutum tun ya na yaro ya ke ɗaukar alamar ruwa da ƙasar da ya tashi a kai, kuma ba ya sauyawa. Gwajin ya nuna mutanen ramin ba daga wuri ɗaya su ka fito ba. Taron dangi ne daga wurare daban-daban, ba ƙabila ɗaya mai sarki ɗaya ba. Game da matan, ta yi taka-tsantsan, kuma na yaba mata. Ta kawo labarin kabarin Birka na ƙasar Suwidin, wanda aka ɗauka na jarumi namiji ne fiye da shekara ɗari, sai gwajin ƙwayoyin halitta a 2017 ya nuna mace ce. Amma ba ta ce duk macen da ke Repton wata Lagertha ba ce. Wata ƙila matar aure ce, wata 'yar kasuwa, wata baiwa.

Kabarin da ya fi tsaya mani a rai shi ne wanda masu tonon su ka sa wa lamba 511, a jikin bangon cocin. Namiji ne mai shekara 35 zuwa 45. An ji masa munanan raunuka a kai, sannan an sare shi a cinyar hagu, sara mai zurfi har cikin ƙashi, ta yadda ake jin ya tafi da gaban sa. Waɗanda su ka binne shi su ka ajiye masa takobin sa, su ka rataya masa 'yar gudumar azurfa ta gunkin su Thor a wuya, su ka sa ƙashin wani tsuntsu dangin hankaka, sannan su ka ajiye hauren aladen daji a tsakanin cinyoyin sa. Fassarar da aka fi yi ita ce sun mayar masa da abin da ya rasa ne don ya isa lahirar su a cikakken namiji. A gefen sa an binne wani saurayi ɗan shekara 17 zuwa 20, kuma gwaji ya nuna jini ɗaya ne na kusa, mai yiwuwa uba da ɗa. Mai karatu, a duk kashi 89 na Vikings, da jinin da aka kwarara da bayan da aka tsaga, ban ga fitowa ɗaya da ta nuna tausayi da tsoron mutuwa irin na wannan hauren ba. Can kuma kusa da tudun an samu yara huɗu, 'yan shekara 8 zuwa 18, a kabari ɗaya, da muƙamuƙin tunkiya a ƙafafun su, aƙalla biyu da alamun rauni. Ana zaton yanka su aka yi don rakiyar matattu.

INDA LITTAFIN YA YI SANTSI

Kada ka ɗauka littafin ba shi da aibu. Jarman ta gina shi ne a kan ƙwayar dutsen ado guda ɗaya, jan aƙiƙ irin wanda alhazai ke sayowa a zobe. An tono shi a cikin ramin ƙasusuwan a 1982, ya kwanta a cikin kayan su Biddle har ta ci karo da shi a 2017. Daga nan ta bi sawun sa da baya: Repton zuwa Tekun Baltik, ta kogunan Rasha da Yukren, zuwa Istanbul inda wani Viking ya kanƙara sunan sa a jikin marmarar Aya Sofiya, zuwa Bagadaza, har Gujarat ta Indiya inda aka shahara da sassaƙa aƙiƙ. Dabara ce mai kyau ta riƙe mai karatu, kamar yadda marubucin littafin soyayya ke riƙe ka da wasiƙar da ba a buɗe ba.

Matsalar ita ce dutsen ya yi ƙanƙanta da kayan da aka ɗora masa. Ramin da aka same shi Walker ya riga ya birkita shi tun ƙarni na 17. Aƙiƙ ba a Gujarat kaɗai ake samun sa ba. Kuma dutsen ado abu ne mai yawo hannu zuwa hannu. Wanda ya mutu da shi a Repton ba lallai ne ya taɓa jin sunan Bagadaza ba. Jarman ba ta ɓoye cewa hasashe ta ke yi ba, sai dai "mai yiwuwa" ta yi yawa, wata na hawa kan wata, har mai karatu ya manta cewa tubalin farko ma "mai yiwuwa" ne. Haka ta yi da kabari na 511: ta kawo shawarar cewa Olaf ne, sarkin Vikings na Dublin, da ɗan sa Eystein, waɗanda su ka mutu a tsakiyar shekarun 870. Shekarun sun yi kusa, dangantakar ta dace, amma ba abin da ke cikin kabarin da ya faɗi suna. A nan ita ma ta faɗa tarkon da na zargi Hirst da shi, wato ƙaiƙayin sai an liƙa wa kowane ƙashi sunan wani babban mutum.

Abin mamaki, hujjar ta mafi ƙarfi ba dutsen ba ne, kuɗi ne. A Torksey, sansanin da rundunar ta zauna shekara guda kafin Repton, masu yawo da na'urar gano ƙarfe da masana irin su Dawn Hadley da Julian Richards sun gano fili mai faɗin hekta 55. A ciki an tsinci gutsattsarin dirhami fiye da ɗari, kuɗin azurfa na daular Musulunci masu rubutun Larabci, an daddatsa su don a auna a sikeli. An kuma samu duwatsun awo, da ɗaruruwan 'ya'yan dara na darma, da alamun ƙira. Wato sansanin kasuwa ce mai tafiya, da maƙera da 'yan caca da mata da yara. Wannan ma ya sa ake shakkar ganuwar da su Biddle su ka ce sun gano a Repton, wadda ba ta kai hekta biyu ba: ina za ta ɗauki irin wannan taro? Jarman ta nemi ragowar sansanin a Foremark, wani ƙauye da ke kusa, inda nan ma aka tsinci irin waɗannan kayan.

Me Vikings ke sayarwa har su ke samun azurfar Musulmi? Fatun dabbobi, takubba, da mutane. Littafin bai yi kwana-kwana a kan cinikin bayi ba, kuma a nan ya kunyata fim ɗin, wanda ya ɗauki bawa guda, sufi Athelstan, ya mayar da shi aminin Ragnar na ƙut-da-ƙut, yawancin sauran kuma su ka zama kayan ado a bayan fage. Babban mai ba ta shaida a wannan ɓangare shi ne Ahmad ibn Fadlan, wanda ya bar Bagadaza a 921 cikin tawagar Halifa Muƙtadir, ya isa bakin Kogin Volga a 922, ya ga mutanen da ake kira Rus da idon sa. Shi ne ya ba da labarin yadda su ke wanke fuska su fyace majina a ƙwarya ɗaya, da yadda aka ƙona wani shugaban su a cikin jirgi tare da kuyangar da aka kashe. Masu kallon finafinan Amurka za su tuna shi a The 13th Warrior na 1999, inda Antonio Banderas ya fito a matsayin sa, ko da ya ke bayan 'yan mintocin farko fim ɗin ya bar Ibn Fadlan na gaskiya ya shiga yaƙi da dodanni. Sai dai ka lura: abin da Ibn Fadlan ya gani ya faru ne kusan shekara 50 bayan Repton, a wata duniya mai nisan dubban kilomitoci. Jarman ta kan jingina da shi don fassara kabarin yaran nan huɗu da makamantan sa, kuma ni a gani na jinginar ta yi nauyi.

Ta fuskar rubutu, kashin farko na littafin, wanda ya tsaya a Ingila, shi ne gangariya, domin a nan ta ke magana a kan ƙasusuwan da ta taɓa da hannun ta. Tsakiyar ya ɗan yi ja, sunayen garuruwa da koguna su na ta zuba, sai ka riƙa komawa taswira. Turancin ta mai sauƙi ne, wanda ya gama sakandare da kyau zai bi ta. In kuma labarin ƙirƙira ka fi so a kan wannan zamani, littattafan Bernard Cornwell da fim ɗin da aka ciro daga cikin su, The Last Kingdom, wanda aka nuna daga 2015 zuwa 2022, sun fi Vikings kiyaye jerin sarakuna da yaƙe-yaƙe, duk da cewa jarumin su Uhtred ƙagagge ne.

Akwai wani bincike da ya fito bayan littafin. Kimanin kilomita huɗu daga Repton akwai wani kurmi, Heath Wood, mai tuddai 59, inda wasu daga cikin rundunar su ka ƙona matattun su maimakon binnewa. Wato a hunturu ɗaya, a yanki ɗaya, wasu na haƙa kabari a jikin coci, wasu na cinna wuta a kan tudu. A 2023 aka buga sakamakon gwajin da aka yi wa ƙonannun ƙasusuwan wani tudu a can. Ya nuna cewa wani babban mutum da aka ƙona a wurin daga yankin Baltik ya taso, haka kuma doki da karen da aka ƙona tare da shi. Tun daga gida ya sa su a jirgin katako marar rufi, su ka ƙetare Tekun Arewa tare.